Ku Tambayi Malam: Dokin da Ya Iya Lissafi, da Sauran Wasiƙunku

Assalamu alaikum masu karatu. Duk lokacin da shekarar karatu ta doshi ƙarshe, akwatin wannan fili kan cika da wasiƙu masu kama da juna, domin ɗaliban da ke koyon aikin malanta sun shiga rubuta kundin kammala karatu, kowa hankalinsa a tashe. Na kusa shekara talatin ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ga masu shirin shiga aji, kuma a cikin darussana babu wanda ɗalibai ke gudu kamar na hanyoyin bincike. Ni ma na guje shi a zamanina, sai da na sha kunya sannan na zauna na koya. Labarin yana tafe. Na zaɓi wasiƙu shida, wasu na rage musu tsawo, masu su su yi haƙuri.

Tambaya: Malam, ni malamar aji huɗu ce a firamare. A zangon farko na ware yara goma da suka zo ƙarshe a lissafi, na riƙa yi musu 'yan tambayoyi biyar kowace safiya a kan darasin jiya. A zango na biyu takwas daga cikinsu makinsu ya tashi. Na kai wa hedimasta sakamakon don a yi haka a sauran azuzuwa, sai ya ce wai wannan ba hujja ba ce. Gani fa ya kori ji, Malam. Anya ba hassada ba ce?

Amsa: Malama, abin da ke cikin zuciyar hedimastanki Allah ne ya sani, amma maganar da ta fito daga bakinsa gaskiya ce. Ban ce dabararki ba ta aiki ba. Yadda kika gwada ta ne ba zai iya nuna mana ko tana aiki ko ba ta yi ba.

Mu fara da yadda kika zaɓi yaran. Makin jarrabawa abu biyu ne a cakuɗe: abin da yaro ya sani, da sa'ar da ya tashi da ita ran nan. Cikin goman nan akwai wanda zazzaɓi ya kwana da shi, akwai wadda tambayoyin suka fito daga makon da ba ta zo ba, akwai wanda ya tsallake shafi guda bai lura ba. Da kika kwashi na can ƙasa, kin kwaso har da waɗanda tsautsayi ne ya jefa su can. Da wuya tsautsayi ya sake faɗa wa yaro ɗaya sak kamar na farko, don haka a jarrabawa ta gaba za su ɗan taso ko da ba ki yi musu komai ba. Buɗe rajistarki ki duba goman da suka zo kan gaba a zangon farko. Ina da ƙarfin zaton za ki tarar wasunsu sun ɗan sauko, alhali ba ki yi musu mugun abu ba. Francis Galton, mutumin Ingila, ya bayyana wannan a 1886 lokacin da yake kwatanta tsawon iyaye da na 'ya'yansu. 'Ya'yan dogaye sosai dogaye ne, amma galibi ba su kamo iyayen ba, 'ya'yan gajeru kuma sukan ɗan ɗara nasu iyayen. Muna kiran abin komawa tsakiya. Ya yaudari likitoci da masu horar da 'yan wasa da gwamnatoci, balle ni da ke.

Sannan watanni sun wuce tsakanin jarrabawar biyu. Yaro ɗan shekara tara yana girma a wannan tsakanin, kuma ana koya masa lissafi kamar kowa. Wataƙila ma jarrabawa ta biyu ta fi sauƙi. Ga kuma kulawa. Yaron da ya saba laɓewa a bayan aji ba mai kiran sunansa, yau ga malama ta san da zamansa kowace safiya. Wannan kaɗai yana iya farkar da shi, ko da hira kika riƙa yi da su maimakon tambayoyi.

Sai tambayar da ba za ki so ba: wa ya duba takardun jarrabawar? Ke ce. Kada ranki ya ɓaci, ban ce kin yi son kai da gangan ba. Ga labarin wani doki. A farkon ƙarni na ashirin, a birnin Balin na Jamus, wani tsohon malamin lissafi mai suna Wilhelm von Osten yana da doki ana kiransa Hans. A ce masa uku a tara da biyar, sai ya buga kofato sau takwas ya tsaya. A 1904 aka kafa kwamiti na mutum goma sha uku, har da likitan dabbobi, suka bincika suka ce babu zamba. Kuma ba su yi ƙarya ba, mai dokin da gaske ya yarda da dokinsa. Sai wani matashin masani, Oskar Pfungst, ya yi abin da sauran ba su yi ba. Ya shirya tambayoyin da mai tambayar kansa bai san amsarsu ba, wani lokaci kuma ya kare idon dokin yadda ba zai ga mai tambaya ba. Nan take ilimin Hans ya gudu. Ashe fuskar mutane yake karantawa: idan bugun ya kai lambar da ake jira, mai tambaya kan ɗan saki jiki ko ya ɗan ɗaga kai ba tare da ya sani ba, sai doki ya tsaya. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin, shi kansa Pfungst, bayan ya gano sirrin, idan ya tsaya gaban dokin yakan kasa hana jikinsa ba da alamar. Idan doki zai iya karanta fatan mai shi, ina ga yaro da malamarsa? A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa wani gwaji da suka yi a wata firamare a jihar Kalifoniya, inda suka ba malamai sunayen wasu yara da aka tsinto da ka kawai, aka ce musu waɗannan za su yi fice bana. A ƙananan azuzuwa yaran sun fi 'yan'uwansu ci gaba. An soki binciken sosai, kuma waɗanda suka biyo baya sun nuna tasirin bai kai yadda aka zuzuta ba, amma yana nan, musamman idan malami bai daɗe da sanin yaran ba.

To, yaya za ki yi? Rubuta sunayen 'yan ajin gaba ɗaya a 'yan takardu, ki naɗe, ki zuba a kwali, ki sa wani ya ɗebo rabi. Rabin nan su yi tambayoyin safiya. Ɗaya rabin su ma ki ba su lokaci daidai da na 'yan'uwansu, amma su sake karanta darasin jiya kawai, don kada a ce kulawa ce ta bambanta su. Wata malama ta shirya jarrabawar, ta duba takardun da lamba a kai maimakon suna. Amfanin ƙuri'a shi ne tana raba masu ƙoƙari da malalata, da masu zazzaɓi, da waɗanda ake taimaka wa a gida, har da abubuwan da ba su taɓa zuwa miki a rai ba, kusan daidai tsakanin rukunin biyu. Ronald Fisher ne ya kafa wannan ƙa'ida tun a shekarun 1920, kuma a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila ya yi ta, yana raba filaye don auna taki. Da ita jihar Tenesi ta Amurka ta warware gardamar yawan yara a aji. Daga 1985, tsawon shekara huɗu, aka raba yara kusan 11,600 da malamansu ta hanyar ƙuri'a a makarantu 79, wasu a aji mai yara 13 zuwa 17, wasu a mai 22 zuwa 25. 'Yan ƙaramin aji suka fi a karatu da lissafi, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi suka fi cin moriyar abin. Babu mai cewa an tsinci haziƙai ne, tun da ba hannun mutum ya zaɓa ba.

Naki ajin ba dubbai ba ne. Ɗan bambanci tsakanin yara ashirin da wasu ashirin yana iya zama sa'a. Ki maimaita a zango na gaba, ki juya rukunin don kowa ya samu rabonsa, ki roƙi wata abokiyar aiki ita ma ta gwada a nata ajin.

Kunyar da na ce na sha kuwa, ga ta. Ina saurayin malami na buɗe darasin yamma kyauta, mai so ya zo. Waɗanda suka zo suka cinye jarrabawa, na rubuta kundi guda a kan haka ina ta hura hanci. Dattijon da ke duba aikina ya karanta babi uku bai ce uffan ba, sai ya ɗauki jan biro ya rubuta a gefen shafi: "Wane irin yaro ne ke dawowa makaranta da yamma ba wanda ya tilasta masa?" Na kwana ina juya tambayar. Yaran da suka zo su ne dama za su ci, da ni da babu ni. Aikin wata bakwai na sake daga tushe.

Yanzu abin da zai faranta miki. Dabarar taki an gwada ta yadda ya kamata. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗaliban jami'a wani rubutu. Wasu suka karanta shi zama huɗu, wasu suka karanta zama ɗaya sannan aka sa su rubuta abin da suka tuna sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda labari ya juye: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu ƙoƙarin tunowa kashi 61. Kuma masu maimaitawar su suka fi tabbatar wa kansu cewa ba za su manta ba. Ki kai wa hedimasta wannan tare da shirin gwajinki, ki gani ko hassada ce.

Tambaya: Malam, sunan kundina "Yadda wayar salula ke jawo faɗuwar ɗalibai". Na tambayi ɗaliban sakandare 200 awa nawa suke yi a waya, na samu masu daɗewa a kai sun fi ƙarancin maki. Mai duba aikina ya soke kalmar "jawo". Ina laifinta?

Amsa: Ɗana, shiga kowace firamare ka ƙirga haƙora. Za ka tarar yaran da suka gama famfara sun fi waɗanda ba su fara ba iya karatu, nesa ba kusa ba. To, sai mu ɗauko filaya mu fara cire wa yara haƙori don su iya karatu? Shekaru ne ke kawo famfara, su ne kuma ke kawo karatun.

Abin da ka samo shi ne alaƙa: abu biyu suna tafiya tare. Ana auna ƙarfinta da lamba daga -1 zuwa +1, kuma taka ta karkata wajen ragi, wato wannan na hawa wancan na sauka. Amma alaƙar tana karɓar fassara uku. Wataƙila waya ce ke cinye lokacin karatu, kamar yadda ka zata. Wataƙila kuma yaron da darasi ya gagara, ya fid da rai, shi ne ke fakewa a waya, ka ga faɗuwar ce ta jawo wayar. Ko kuma wani abu na uku, kamar gidan da ba mai sa ido, shi ke haifar da duka biyun. Takardun tambayoyinka ba za su iya zaɓa maka ɗaya ba.

Manyan masana ma sun yi tuntuɓe a nan. Walter Mischel na jami'ar Stanford, daga ƙarshen shekarun 1960, yakan ajiye wa ƙaramin yaro alewa ɗaya ya ce idan ya jure bai ci ba har ya dawo zai samu biyu. Da yaran suka girma aka ga masu jurewa sun fi maki a jarrabawar shiga jami'a. Duniya ta ɗauka, aka yi ta wa'azin cewa haƙurin ɗan shekara huɗu shi ke yanke makomarsa. Ba a cika faɗin cewa yaran 'yan kaɗan ba ne, kuma yawanci 'ya'yan malamai da ɗaliban jami'ar. A 2018 Tyler Watts da abokan aikinsa suka duba yara sama da 900 daga gidaje iri-iri. Alaƙar ta fito kamar rabin ta farko, da suka cire tasirin halin gida da basirar da yaro ya riga ya nuna kuwa, sai ta ƙara shanyewa ƙwarai. Wata mai bincike, Celeste Kidd, ta bi ta hanyar gwaji. Kafin a kawo alewa, aka yi wa yara alkawarin kayan zane masu kyau, rabi aka cika musu, rabi aka saɓa. Waɗanda aka cika wa sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kimanin minti 3. Yaron da ya saba ganin alkawari ba ya cika, cin abin da ke gabansa wayo ne a wurinsa.

Kada ka jefar da aikinka. Abubuwa da yawa ba su gwajuwa, ba wanda zai raba yara da ƙuri'a ya ce waɗannan su kwana a waya shekara guda. Binciken alaƙa ne ke nuna inda ya kamata a tona. Ka mai da sunan "Alaƙar amfani da waya da sakamakon jarrabawa". Kuma idan da hali ka duba lissafin awannin da wayar ke ajiyewa da kanta, domin mutum ba ya iya kintata lokacin da ya ɓata, balle yaron da ya san amsar da malam ke son ji.

Tambaya: Abokina ya raba takardun tambayoyi 500, ni 120 kawai na iya bugawa. Nawa sun yi kaɗan ko?

Amsa: Ba ka gaya mini wa ka ba ba, kuma nan gizo ke saƙar. A 1936 wata mujallar Amurka, Literary Digest, ta aika katin tambaya miliyan goma kan zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan biyu suka dawo. Ta ce Alf Landon zai ci. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen daga littattafan masu tarho da rajistar masu mota aka kwaso yawancinsu, a zamanin da talauci ya yi katutu, kuma waɗanda suka damu suka mayar da amsa ba irin sauran jama'a ba ne. George Gallup, wani mai auna ra'ayin jama'a, da mutanen da ba su kai kashi uku cikin ɗari na waɗanda suka amsa wa mujallar ba ya faɗi wanda zai ci daidai. Bayan shekara biyu mujallar ta mutu. Likita ba ya zuƙe jininka duka don ya gano cuta, ɗan kaɗan ya isa saboda jinin a gauraye yake. Idan 120 ɗinka da ƙuri'a ka fitar daga cikakken jerin sunaye, sun fi 500 da aka miƙa wa duk wanda aka ci karo da shi a bakin ƙofa.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayoyin kansu. Kullum ina cin karo da irin wannan: "Malaminka yana zuwa a kan lokaci kuma yana koyarwa da kyau?" Wanda malaminsa ke sammako amma ba ya iya bayani, me zai amsa? Ka raba ta biyu. Ka gwada takardar a kan mutum goma tukuna, ka zauna kusa ka ga inda suke ɗaure fuska. Sannan ka bambance abu biyu da za a tambaye ka ranar kare kundi. Sikelin da ke ƙara kilo uku kullum yana da daidaito, ko yaushe ka hau amsa ɗaya zai ba ka, amma ba shi da inganci, tun da ba nauyinka yake faɗa ba. Jarrabawar lissafi da aka cika da dogon turanci haka take, karatu take aunawa.

Wata magana kuma, ba da kai nake ba. Masu zama a ɗaki su cike takardu ɗari da hannunsu su sani muna ganewa. Biro ɗaya, karkatar alama ɗaya, kuma mutanen ƙarya sun cika yarda da juna.

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa bakwai. An yi masa gwajin basira aka ce ya samu 84, wanda ya yi gwajin ya ce ƙwaƙwalwarsa ba ta ja, kada mu sa rai da yawa. Mahaifiyarsa ta kwana tana kuka.

Amsa: Ɗan'uwa, ka ba uwar yaro haƙuri, ka ce Malam ya ce ta share hawaye. Wanda ya faɗa muku haka ya faɗi abin da lambar ba ta faɗa ba.

Mutumin da ya ƙirƙiro irin wannan gwaji, Alfred Binet, da abokin aikinsa Théodore Simon, sun fito da shi a Faransa a 1905 don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Binet da kansa ya yi tir da masu cewa basira abu ne tsayayye da ba ya ƙaruwa. An tsara irin gwajin da ake yi yanzu yadda matsakaicin maki zai zama 100, kuma kusan kashi biyu cikin uku na yara suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Ɗanka yana bakin wannan iyaka, kuma kowane maki yana da 'yar tazarar kuskure sama ko ƙasa. Ka koma ka tambaya: da wane harshe aka yi gwajin, shi yaron ke ji a gida? Da waɗanne yara aka kwatanta shi? Ya saba da baƙon da ya zaunar da shi? An duba idonsa da kunnensa? Na ga yara fiye da ɗaya da aka yi wa tambarin daƙiƙanci, ashe allo ne ba sa gani.

Yadda aka yi tambaya yana canza amsar yaro fiye da yadda manya ke zato. Jean Piaget na Suwizalan, wanda ya faro aikinsa da lura da amsoshin da yara ke kuskurewa a irin waɗannan gwaje-gwaje, yakan jera 'yan maɓallai layi biyu daidai wa daida. Yaro ya yarda yawansu ɗaya. Sai ya baza layi ɗaya ya yi tsawo ya sake tambaya, ƙananan yara su ce mai tsawon ya fi yawa. Ya yanke cewa yaro kafin wajen shekara bakwai bai gane adadi ba ya canzawa don an canza jeri. A 1974 James McGarrigle da Margaret Donaldson a Sikotilan suka sake gwajin, amma wata 'yar tsana mai ƙiriniya ce ta fito ta hargitsa layin kamar bisa kuskure. Sai ga mafi yawan yaran 'yan shekara huɗu zuwa shida suna cewa yawan bai canza ba. Idan babba ya taɓa abu da gangan ya sake maimaita tambaya, yaro kan ɗauka ana so ya sauya amsa ne. Har yau ana gardama a kan fassarar, amma darasin ya zauna.

Wanda na fi so ka riƙe shi ne Lev Vygotsky na Rasha, da tarin fuka ya kashe a 1934 yana da shekara 37. Ya ba da misalin yara biyu da gwaji ya ce dukansu suna matakin ɗan shekara takwas. Aka ɗan nuna musu hanya, ɗaya ya warware aikin 'yan shekara tara, ɗayan ya kai na 'yan sha biyu. Gwajin ya ce ɗaya suke, alhali ba ɗaya ba ne. Tazarar da ke tsakanin abin da yaro ke iyawa shi kaɗai da abin da yake iyawa idan an kama masa, a nan koyarwa ke aiki. Ka zauna da shi minti goma sha biyar kowane dare a kan abin da ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan. Ka fara masa, ya ƙarasa. Gobe ka rage naka hannun. Ka lura da saurin da yake kamawa, ka rubuta, ka kai wa malaminsa. Idan bayan watanni har yanzu haruffa na rikice masa, a nemi ƙwararren da zai duba matsalar karatu ita kanta, domin tana samun yara masu kaifin basira ma.

Tambaya: Gaskiya ne kiɗan Mozart, wannan tsohon makaɗin na Turai, yana ƙara wa jariri basira?

Amsa: A'a, 'yata. Binciken da ya haifar da zancen an yi shi a 1993 da ɗaliban jami'a 36, babu jariri ko ɗaya. Sun saurari kiɗan minti goma, suka ɗan fi a wani aikin siffofi, abin ya gushe cikin kwata na awa. Duk da haka a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka ya nemi kuɗi a raba wa masu jego faifai. Ki riƙa yi wa jaririnki magana, ya fi.

Tambaya: Malam, shekarata goma ina koyarwa. Na lura idan na yi wa yaro kaca-kaca kan mummunan maki, gaba sai ya gyara. Idan na yabi wanda ya yi fice, sai ya lalace. Ina so in tabbatar da haka a kundina: in raba aji biyu, rabi in riƙa yi musu tsawa da gori, rabi in riƙa yabo. Ka ga na yi amfani da ƙuri'a.

Amsa: Malam, koma ka karanta amsar da na ba malamar aji huɗu. Kana tsawa ne ranar da yaro ya yi mafi muninsa, kana yabo ranar da ya yi mafi kyawunsa, kuma daga can ƙasa sai sama, daga can sama sai ƙasa. Daniel Kahneman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2002, ya ji wannan magana taka sak daga bakin wani mai horar da matuƙan jirgin yaƙi a Isra'ila. Ya ce a nan ya gane cewa rayuwa kan saka wa mai tsawa, ta kunyata mai yabo, ba tare da ɗayansu ya jawo komai ba.

Gwajin kuwa kada ka yi shi. A 1939 a jihar Ayowa ta Amurka, wata ɗalibar jami'ar jihar mai suna Mary Tudor, a ƙarƙashin malaminta Wendell Johnson, ta yi bincike da marayu 22. Shida daga cikinsu lafiya lau suke magana, aka riƙa gaya musu sun fara in'ina, kada su buɗe baki sai sun tabbata za su faɗa daidai. Yaran suka koma shiru-shiru, suna jin kunyar magana, wasu suka ce abin ya bi su har tsufa. Jami'ar ta nemi gafara a 2001, a 2007 jihar ta amince ta biya diyyar dala 925,000. Yaran ajinka amana ce, ba za su iya ce maka a'a ba. Duk binciken da za ka yi da su sai da izinin hukumar makaranta da sanin iyaye, a ɓoye sunayensu, kuma kada wani rukuni ya fita da rauni.

Tambayar taka ma an riga an amsa ta. A 1925 Elizabeth Hurlock ta raba 'yan firamare rukuni huɗu suna aikin lissafi kwana biyar: masu shan yabo, masu shan faɗa, waɗanda ke zaune suna ji ba a kula su, da waɗanda aka ware a wani ɗaki. Da farko masu shan faɗa sun zabura kamar masu shan yabo, daga nan suka fara ja da baya, masu shan yabo kuma suka ci gaba da hawa har ranar ƙarshe.

Idan kana son kundi a wannan fanni, ga wanda ba zai cuci kowa ba. Nemi izinin malamai huɗu ko biyar ka zauna a bayan ajinsu da takarda mai layuka. Tun kafin ka shiga ka rubuta abin da za ka kira yabo da abin da za ka kira tsawa, don kada ka riƙa canza ma'auni a tsakiyar aiki. Ka ƙirga sau nawa kowanne ke fitowa a darasi, da wa ake yi wa, maza ko mata, 'yan gaba ko 'yan baya. Kwana biyun farko kada ka lissafa su, kowa zai yi ta gyara zama saboda baƙo. Ka samu aboki shi ma ya ƙirga a darasi ɗaya ba tare da kun haɗa ido ba, ku ga ko lissafinku ya zo ɗaya. Sannan ka ba shi takardar ya zauna a bayan naka ajin.